FILIN MATA: Maganar Giɓi Da Dashen Haƙori

 

Wannan mako zancenmu na baki ne, amma ba irin bakin nan da maza su kan ce mun fi su ba. Zancen haƙori ne. Abin da ya jawo shi kuwa wata takarda ce da wata 'yar'uwa ta aiko mini, ta roƙa kada in faɗi sunanta ko garinsu. Ta ce shekarunta 34, 'ya'yanta 5. Shekara 3 da su ka wuce santsi ya kwashe ta a bakin rijiya da damina, haƙorinta na gaba ɗaya na sama ya fita. Kafin wannan kuma an cire mata turame biyu na ƙasa sabo da ciwo. Ta ce tun daga ranar ba ta ƙara yin dariya a cikin mutane ba sai da gefen gyale a baki. Ta yi haƙorin roba, ya yi ta motsi, ran nan a gidan suna ya suɓuce ya faɗa cikin ƙwaryar fura a gaban dangin mijinta. Daga nan ta jefa shi cikin akwati. Yanzu ta ji an ce akwai wani aiki da likita ya kan dasa wa mutum haƙori a cikin ƙashi, ya zauna daram kamar na halitta. Tana da adashi da za ta kwasa bayan salla, da awaki 4. Tambayarta ita ce, gaskiya ne, ko kuwa zancen 'yan neman kuɗi ne? In gaskiya ne, ta sayar da awakin?

To, 'yar'uwa, gaskiya ne. Amma kada ki kira dillali tukuna, ki bari mu warware maganar, domin na tabbata ba ke kaɗai ke ɓoye baki da gyale ba.

Da farko sai mu bambanta giɓi da wushirya, don kada wata ta tsorata. Wushirya halitta ce, ado ce kuma, mai ita ba ta rasa kome ba. Giɓi kuwa gurbin haƙorin da ya fita ne, shi ne abin magana. Babban mutum cikakke yana da haƙora 32, ko wane kuma da aikinsa. Abin da mu ke gani fari a baki rabin haƙorin ne kawai ko bai kai ba. Sauran yana binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, kamar yadda saiwar itace ta ke binne a ƙasa. Duk lokacin da ki ka tauna abu, ƙarfin taunar ya kan bi saiwar nan ya isa ƙashi, ƙashin kuwa da wannan aiki ya ke riƙe kaurinsa. Ran da haƙori ya fita, ƙashin wurin ya rasa aikin yi, sai ya soma zaizayewa, kamar gidan ƙasa da aka bari ba kowa a ciki. Abin da ya fi ban tsoro shi ne saurin abin. Likitoci sun auna sun ga a cikin shekarar farko faɗin ƙashin wurin ya kan iya raguwa da kusan rabi, mafi yawan raguwar kuwa cikin watanni 3 na farko ta ke aukuwa. Bayan nan ya ci gaba da tafiya a hankali, shekara da shekaru.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin su kan karkato cikinsa, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa ya kan yi ta zubowa don bai sami abokin karo ba. Sai abinci ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa, ruɓa ta shiga. Mai giɓi a dama sai ta koma tauna da hagu kaɗai, har can ma ya gaji. Kun dai ga tsofaffinmu waɗanda haƙoransu su ka zube duka, kumatu sun lotsa, haɓa ta kusa taɓa hanci. Mu kan ce tsufa ne. Tsufa na ciki, amma babban dalili ƙashin muƙamuƙi ne ya tafi. Sa'an nan a dubi abin da su ke iya ci: kunu, da koko, da tuwo mai laushi. Nama da rake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sai kallo. Shi ya sa na ce giɓi ba maganar kwalliya kaɗai ba ce, maganar ci ce, ci kuwa shi ne lafiya.

Hanyoyin toshe giɓi uku ne a wurin likitocin haƙori. Akwai haƙorin roba, wanda a ke sa wa a cire. Shi ya fi araha, ya fi saurin samuwa, kuma kada kowa ta raina shi, ya rufa wa dubban mata asiri. Aibinsa dai a kan dasashi ya ke zaune, ba ya hana ƙashi zaizayewa, don haka wanda ya zauna daidai bana, baɗi ko baɗin baɗaɗa sai ya soma rawa. Abin da ya sami 'yar'uwarmu ke nan. Akwai kuma wanda su ke kira gada, watau a fiƙe haƙora biyu na gefen giɓin a rataya sabon a tsakaninsu. Wannan ba ya motsi, amma an taɓa lafiyayyun haƙora biyu don a gyara ɗaya, abin da aka fiƙe kuwa ba ya dawowa. Na ukun shi ne dashe.

Ga yadda asalinsa ya ke. Tun zamanin da mutane ke neman abin da za su cusa a gurbin haƙori. A 1931 masu haƙa kayan tarihi a ƙasar Honduras, can tsakiyar nahiyar Amurka, su ka tono muƙamuƙin wata mace ta ƙabilar Maya wadda ta rayu wajen shekara ta 600 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A gurbin haƙoranta 3 na gaba na ƙasa an sami ɓawon katantanwar ruwa an sassaƙa shi kamar haƙori an dasa. Da fari an zaci bayan ta mutu aka sa mata, sai a 1970 aka ɗauki hoton ƙashin aka ga ya tsiro ya kama ɓawon, watau tana da rai aka yi. Kun ga ashe damuwar giɓi ba yau ta soma damun mata ba.

Amma dashen da a ke yi yanzu daga ƙasar Suwidin ya fito, kuma ba da niyya aka gano shi ba. A 1952 wani likita saurayi, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Ya sa wata 'yar na'urar leƙe a ƙashin ƙafar zomo, an ƙera ta da wani ƙarfe mai suna titaniyam. Da ya gama aikinsa ya zo cire abinsa, sai ya ƙi fita. Ƙashin zomon ya manne da ƙarfen sun zama kamar abu guda. Wani da sai ya yi tsaki don ya yi hasarar kayan aiki. Shi kuwa ya tsaya ya yi tunani. A al'ada in baƙon abu ya shiga jikin mutum, jiki ya kan kewaye shi da tsoka ya ware shi, ko ya yi mugunya ya tura shi waje, kamar yadda ku ka sani in ƙaya ta karye a ƙafa. Titaniyam kuwa da zarar ya sha iska ya kan yi wata fata siririya a jikinsa wadda ido ba ya gani, ita ce ta sa ƙashi ba ya ƙyamarsa, har ya zo ya tsiro a jikinsa.

Bai yi gaggawa ba. Sai da ya shafe shekara 13 yana gwaji, sa'an nan a 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gothenburg, wani mai suna Gosta Larsson, wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙinsa na ƙasa. Ya sa masa ƙusoshi 4. Mutumin nan ya ci abinci da su shekara 40, har ya rasu a 2006 suna nan daram a bakinsa. Duk da haka likitocin haƙori na ƙasarsa sun daɗe suna yi wa Branemark dariya, don shi ba likitan haƙori ba ne. Sai a 1982, da aka yi wani babban taro a Toronto ta ƙasar Kanada ya baje shaidar aikinsa, sa'an nan duniya ta karɓa. Ya rasu a 2014. Na kawo muku wannan tarihi ne don ku san abin ba sabon yayi ba ne da ya zo jiya, an gwada shi fiye da shekara 50.

To, yaya a ke yi? Abu uku ne a haɗe. Akwai ƙusar titaniyam mai zare, irin wadda kafinta ke murzawa, tsawonta kamar santimita 1, kaurinta bai kai na fensir ba. Ita ce madadin saiwa. Akwai ɗan wuya da a ke ɗaura mata wanda ke leƙowa ta dasashi. Akwai kuma hula, watau farin haƙorin da mutane za su gani, wanda a kan yi da wani irin tangaram mai ƙarfi, a daidaita launinsa da na sauran haƙoranki.

Ranar farko ba a taɓa ki da kome. Likita zai duba bakin duka, ya yi tambayoyi a kan lafiyarki, ya sa a ɗauki hoton ƙashi don ya ga kaurinsa da zurfinsa. In akwai ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon dasashi, shi za a fara gyarawa, don ba a shuka a gonar da ba a share ba. Ranar aiki kuwa ba a sa mutum barci galibi, allurar kashe zafi a kan yi a wurin, irin wadda a ke yi in za a cire haƙori. Ya tsaga dasashi kaɗan, ya huda ƙashi a hankali, ana zuba ruwan sanyi a kan abin hudawar. Wannan ruwa ba na banza ba ne. An gano in ƙashi ya yi zafin da ya wuce digiri 47 na tsawon minti 1, ya kan mutu a wurin, dashen kuwa ba zai kama ba. Sa'an nan ya murza ƙusar, ya ɗinke. Ƙusa ɗaya ba ta cika wuce awa 1 ba. Za a yi kumburi da ɗan ciwo kwana biyu ko uku, waɗanda aka yi wa da yawa su kan ce cire haƙori ya fi shi zafi. Bayan mako ɗaya ko kwana 10 a cire zare.

Daga nan sai jira, jiran nan kuwa shi ne rabin aikin. Ƙashi ya kan ɗauki kamar wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙusar sosai. Na ƙasa ya fi saurin kamawa don ƙashinsa ya fi tauri, na sama ya fi laushi. A cikin wannan lokaci a kan ba mace haƙorin wucin gadi don kada ta yi yawo da giɓi. Akwai lokacin da likita ya kan ga ƙashi mai kyau ne ƙwarai har ya sa hular wucin gadi a ranar, amma shi zai yanke wannan, ba biki ko sunan da ke gabanki ba. In ya kama, sai a auna baki, a ƙera hula, a ɗaura.

A nan ne na ke so ku bambanta shi da haƙorin Makka, don na ji waɗansu suna haɗa su. Haƙorin Makka riga ce ta zinariya ko azurfa da a kan sa wa haƙorin da ke nan da saiwarsa, a gama cikin yini ɗaya hajiya ta dawo tana walƙiya. Dashe kuwa tiyata ce. Wadda ta ce za ta biya a yi mata shi a cikin kwanakin Umra ta dawo, sai ta tambayi kanta wa zai duba ta in ya yi ƙari bayan wata biyu. Tun da mun taɓo tafiya, ga amsar wata tambaya da a kan yi: ƙusar nan ƙarama ce, ba ta cika tayar da na'urar bincike ta filin jirgi ba, kuma maganaɗisu ba ya jan titaniyam.

Ba kowace mace ce kuma za a yi wa ba, wannan kuwa shi ne abin da mai son kuɗinki ba zai gaya miki ba. Yarinyar da ba ta gama girma ba, ba a yi mata, domin muƙamuƙinta yana girma, ƙusa kuwa ba ta tafiya tare da shi, sai a wayi gari haƙorin dashen ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa. A kan jira har wajen shekara 18 ko fiye. In 'yarki ta karya haƙori a makaranta, a riƙe mata gurbin da na roba tukuna. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka. Mai ciwon sukari za a iya yi mata in sukarin yana bisa ƙa'ida, in kuwa ya yi sama ya ƙi sauka, rauninta ba ya warkewa da wuri, dashe ya kan lalace. Mai shan taba ita ma dashenta ya fi saurin faɗuwa, don hayaƙi yana rage jinin da ke zuwa dasashi. Na san za ku ce mu ina ruwanmu da taba. To, tabar gari da iyayenmu ke cusawa a leɓe fa, da shishar nan da 'yan matan birni su ka ɗauka wayewa ce? Wadda aka yi wa gashi a kai ko wuya sabo da ciwon daji, da wadda ke shan maganin ƙarfafa ƙashi ko a ke yi mata allurarsa, lalle su faɗa wa likita tun kafin ya taɓa su, domin waɗansu magungunan nan su kan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa. Haka mai sikila, da mai ciwon zuciya, da mai shan maganin tsinka jini. Kada ki ɓoye wa likita ciwo don tsoron ya ce ba zai yi ba. Ƙin nasa alheri ne a gare ki.

Sai maganar ƙashin kansa, wadda da ita mu ka fara. Ƙusa tana bukatar abin da za ta riƙe. Macen da ta bar giɓi shekara 10 ta kan je a tarar ƙashin ya zama kamar bakin wuƙa. Ba a fid da rai ba, akwai dabarar ciko, a ɗebo ɗan ƙashi daga wani wuri a jikinta, ko a zuba wani garin ƙashi da aka tanada, a jira watanni ya zama ƙashi, sa'an nan a dasa. Amma kun ga an ƙara tiyata, an ƙara watanni, an ƙara kuɗi. Wadda ta je da wuri ta huta da wannan duka.

Hatsari kuma akwai shi, ba zan ɓoye muku ba. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke ba leɓe da haɓa ji. In mai huda bai auna ba ya taɓa ta, leɓe ya kan mutu, wani lokaci na 'yan makonni, wani lokaci har abada. A sama kuma, bisa turame, akwai wani kogo mai iska a gefen hanci, in ƙusa ta yi tsawo sai ta faɗa ciki. Duk waɗannan hoton ƙashi ne ke kare su. Sabo da haka wanda ya ce zai dasa miki haƙori bai ɗauki hoto ba, ki ɗauki gyalenki ki fita. A hannun gwani kuwa, a bakin da a ke tsabtacewa, fiye da 9 cikin 10 na dashe su kan kai shekara 10 suna aiki, da yawa su wuce haka nesa. Hular ce ta kan riga ƙusar tsufa, ita kuwa a kan sake ta.

Wa za a je wurinsa? Likitan haƙori na sosai, mai rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wanda kuma ya koyi wannan aiki musamman, don ba ko wane likitan haƙori ne ke dashe ba. Mai ƙera haƙorin roba sana'arsa daban, aikinsa na da kyau a wurinsa, amma ba shi da hurumin huda ƙashin mutum, balle mai shago a bakin kasuwa ko wanzami. In ba ki san inda za ki dosa ba, ki fara da sashen haƙori na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, kamar na Kano ko na Zariya, su duba ki su nuna miki hanya. In kin zauna gaban likita kuma kada kunya ta rufe miki baki. Mu mata mun saba da "to" a gaban likita, ko ba mu gane ba. Ki tambaye shi mutum nawa ya yi wa. Ki tambaye shi kuɗin da ya faɗa na ƙusa kaɗai ne ko har da wuya da hula da hoto da ciko, domin nan ne a kan yi rigima daga baya. Ki tambaye shi in bai kama ba wa zai ɗauki hasarar. Ki sa ya rubuta miki sunan kamfanin da ya ƙera ƙusar da lambarta, ki adana takardar tare da ta gado, don kamfanonin suna da yawa, kayan wannan ba ya shiga na wancan, in wani abu ya kwance bayan shekara 8 wani likitan zai bukaci sanin irinta.

Waɗansu kuma damuwarsu ta addini ce, ko wannan canja halittar Allah ne. Ni ba malama ba ce, amma abin da malamai su ka bayyana shi ne akwai bambanci tsakanin gyara abin da ya lalace da sauya lafiyayyen abu don ƙawa. Su kan kafa hujja da labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurce shi ya yi na zinariya. Abin da aka hana shi ne a fiƙe lafiyayyun haƙora don a ƙirƙiri wushirya. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta.

Yanzu kuɗi. Ba zan rubuta farashi ba, don kayan daga waje a ke kawo su, kafin jaridar nan ta iso hannunku ya canja. Abin da zan ce dashen haƙori ɗaya ya ninka na roba sau da yawa ƙwarai, ba abin da kowane gida zai ɗauka ba ne. Amma a sani ba lalle ne ko wane giɓi ya sami ƙusarsa ba. Ƙusa 2 su kan ɗauki haƙora 3. Tsohuwar da ba ta da ko ɗaya a ƙasa, ƙusa 2 kawai su kan riƙe mata haƙoran roba su daina rawa, ta koma cin nama. Ku da ke da iyaye mata a gida, ku da 'yan'uwanku maza da ke tunanin abin da za ku yi musu, ga abin da ya fi atamfa ta goma sha.

Masu gida kuma, na san kuna leƙa wannan fili in mun ajiye jarida. Haƙorin matarka ba kayan kwalliya ba ne irin su jan baki. Da shi ta ke cin abincin da za ta shayar da ɗanka. In ta ce haƙori na ciwo, kada a ce ta sa kanumfari ta yi haƙuri har sai ya ruɓe ya kai ga cirewa. Cikon ƙaramin rami kuɗinsa kaɗan ne, dashe kuwa ka ji yadda ya ke.

Wannan ya kawo ni ga wata magana da mu ka gada, wai ko wace haihuwa da haƙorinta, ɗa ne ke tsotse ƙarfin haƙorin uwa. Ba haka ba ne. Jariri ba ya ɗibar kome daga haƙorin uwarsa. Abin da ke faruwa, mai ciki dasashinta ya kan kumbura ya riƙa jini, sai ta ji tsoron goge baki. Amai kuma yana da tsami mai cin haƙori, ga kwaɗayin kayan zaƙi, ga tsami-gaye da alewa. Bayan haihuwa kuma hidimar jego ta sa ta manta da kanta. Mai ciki ta ci gaba da goge baki safe da dare da man goge baki, in ta yi amai ta kurkure da ruwa, kada ta goge nan take sai an ɗan jima. Zuwa wurin likitan haƙori a duba ta ko a wanke mata baki ba ya cutar da ciki.

Wadda aka yi wa dashe kuma kada ta ce ta huta. Gaskiya ne tangaram da titaniyam ba su ruɓa, tsutsar da mu ke cewa ba ta cinsu. Amma dasashin da ke kewaye da su nama ne, in dauɗa ta taru ya kan kumbura, ƙashin da ke riƙe da ƙusar ya soma narkewa. Mugun abin shi ne ba ya cika ciwo da fari, domin dashe ba shi da jijiyar da haƙorin halitta ke da ita. Alamarsa jini in an goge, ko wari, ko mugunya. Sai a goge da buroshi mai laushi sau biyu a yini, a bi tsakanin haƙora da zaren sakace, a koma wurin likita ko wane wata 6 ko aƙalla shekara shekara. Asuwaki yana da kyau, sunna ne kuma, amma ba ya shiga lungun da zare ke shiga. Fasa ƙashin kaza, da buɗe kwalba, da tsinka zare da haƙori in ana ɗinki, duk a bar su. Goro dai a ci a hankali.

To, 'yar'uwa mai takarda, ga shawarata. Kada ki sayar da akuya ko ɗaya yanzu. Ki ɗebi kuɗin mota da na kati da na hoto kawai, ki sami maigida ku je a duba ki cikin watan nan, kada ki jira bayan salla, shekara 3 ɗin da su ka wuce sun isa. Ki tafi da haƙorin robar da ke cikin akwati, watakila a gyara shi ko a sake miki wani ya riƙe ki kafin a yi shawara. In likita ya ce ƙashin gaba yana nan da kauri, kuɗin kuma na ɗaya ne kawai za ki iya, ki tambaye shi wanne ya fi gaggawa, na gaban da ke hana ki dariya ko turamen da ke hana ki tauna. Ni da ni ce, na gaban zan dasa, in toshe na bayan da na roba, amma shi ya ga bakinki, ni takardarki kawai na gani. In kuwa ya ce ba za a iya ba, gada ko sabon na roba da aka auna da kyau ba abin kunya ba ne. Ki rubuto mini abin da ya ce.

Waɗanda su ka aiko da tambaya a kan yaye su yi haƙuri, takardunsu sun iso, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gai da yara.